Duolingo, Anki, littafin nahawu ko karatu zalla: wanne za ka ba lokacinka in kana koyon Turanci?

Duk wanda ya ɗan jima yana fama da Turanci ya san matsalar nan, lokacin da yake da shi a rana bai wuce minti talatin zuwa awa ɗaya ba bayan aiki ko makaranta, amma hanyoyin da ake cewa a bi sun fi a ƙirga. Wannan ya ce maka sauke manhajar koyon harshe ta Duolingo, wancan ya ce a'a katin haddace kalmomi mai tambaya a gaba amsa a baya, irin na manhajar Anki, shi ne magana, wani malami ya ce in ba ka zauna da littafin nahawu ba wasa kake, sai kuma ga masu cewa ka manta da duk wannan ka dinga karatu da sauraro kawai. Kowa da hujjarsa kuma gaskiya babu wanda ƙarya yake yi gaba ɗaya, sai dai abubuwan nan huɗu ba aiki ɗaya suke yi ba, in ka ɗauki wanda bai dace da matakinka ba sai ka yi wata shida kana wahala ka ga kamar ba ka motsa ba.

Kafin a ce wannan ya fi wancan akwai wani lissafi da ya kamata ka sani don shi ne zai raba gardamar. Paul Nation, masanin koyar da harshe a jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar Niyu Zilan, ya fitar da wani bincike a 2006 inda ya nuna cewa in kana so ka karanta jarida ko littafin labari na Turanci ba tare da ka riƙe kamus ba, sai ka san kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke shafin, kuma wannan yana buƙatar iyalan kalma wajen 8,000 zuwa 9,000. Na magana ya ɗan fi sauƙi, 6,000 zuwa 7,000. Iyalin kalma ana nufin kalma da 'ya'yanta, kamar help, helped, helpful, helpless duk ɗaya ake ƙirga su. To kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su suna ba ka wajen kashi 80 na yawancin rubutu, sai ka ji kamar ai 80 ya yi, amma lissafa mana. A shafi mai kalma 300 kashi 80 na nufin kalma 60 ba ka sani ba, wato duk kalma biyar sai ka yi tuntuɓe. Kashi 98 kuwa shida ne kacal a shafin gaba ɗaya. Tsakanin sittin ɗin nan da shida a nan mafi yawan masu koyo suke maƙalewa, suna jin Turancin amma ba sa jin daɗinsa, kuma tambayar da za ka yi wa kowace hanya ita ce za ta iya haye da ni wannan tazarar ko kuwa?

Duolingo dai ba sai an yi dogon bayani ba. An buɗe ta ga kowa a 2012, Luis von Ahn da Severin Hacker ne suka ƙirƙiro ta, kuma abin da ta iya wanda babu wanda ya kai ta shi ne sa mutum ya dawo gobe. Jerin kwanakin da ka yi darasi ba fashi da take ƙirga maka, da tunatarwar da take damunka da ita, da maki da gasa da wasu mutanen da ba ka ma san su ba, duk an tsara su ne don kada ka tsaya, kuma ga wanda yake farawa daga sifili ko wanda ya sha farawa yana watsarwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tana koya maka tsarin jimla mai sauƙi, kana jin lafazi, ba ka jin tsoron kuskure don babu mai kallonka. Matsalarta ita ce yawancin atisayen ganewa ne ba tunowa ba, an jera maka kalmomin a ƙasa kai dai ka danna su bi da bi, kaga kuwa ranar da za ka rubuta wa wani saƙo babu wanda zai jera maka komai. Sannan jimlolin gajeru ne kuma kowace zaman kanta take, alhali fahimtar karatu ita ce ka riƙe zaren magana daga sakin layi na farko har na biyar, ka gane wannan "it" ɗin ko wancan "however" ɗin ina ya nufa. Kuma akwai tarkon da mutane ke faɗawa, sai ka ga mutum ya koma darasi mafi sauƙi ƙarfe sha ɗaya na dare don kawai kada jerin kwanakinsa ya yanke. Wannan ba koyo ba ne, gadin lamba ne. Ni a ganina in har za ka iya karanta wannan jimlar, "She had already left when we arrived", ka gane wa ya riga wani ba tare da ka tsaya tunani ba, to ka wuce lokacin da manhajar za ta zama babban aikinka, ka bar ta a matsayin abin taɓawa na minti biyar in kana so.

Kati kuma wata duniya ce daban, kuma tarihinsa ya girmi waya nesa ba kusa ba. Tun 1885 wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya gwada a kan kansa, yana haddace gaɓoɓin sauti marasa ma'ana yana auna yadda yake manta su, ya ga mantuwar tana da sauri sosai a farko sannan ta lafa, kuma in aka raba maimaitawa a kan kwanaki ya fi a tara ta a zama ɗaya. A 1972 Sebastian Leitner ya mai da abin tsarin akwatuna, katin da ka amsa daidai ya matsa akwatin gaba inda ba za ka sake ganinsa da wuri ba, wanda ka faɗi ya dawo akwatin farko. Anki da Damien Elmes ya fitar a 2006 wannan aikin take yi, sai dai ita ke riƙe maka lissafin kwanakin. Ta nuna maka tambaya, ka yi ƙoƙarin tuno amsar da kanka, ka buɗe ka duba, sannan ka danna ɗaya daga maɓallai huɗu gwargwadon yadda ka sha wuya, ita kuma ta yanke ranar da katin zai dawo, yau ko jibi ko bayan wata uku. Ƙarfinta yana cikin tunowar nan. Masu bincike Roediger da Karpicke sun nuna a 2006 cewa ɗaliban da aka sa su rufe rubutu su tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa, duk da cewa masu maimaitawar sun fi jin kamar sun iya.

Wajen tara kalmomi da sauri babu abin da ya kamo kati cikin huɗun nan, wannan kam ba gardama. Amma mutane biyu za su iya amfani da Anki ɗaya, ɗaya ya ci riba ɗaya ya tashi a tutar babu, bambancin yana wajen yadda aka rubuta katin. Ɗauki kalmar issue. Mai gaggawa zai rubuta issue a gaba, a baya ya sa "matsala", shikenan ya wuce. Ranar da ya ci karo da "The office will issue a new card next week" sai ya tsaya yana neman matsalar da ke cikin zancen alhali babu, bayarwa ake nufi. Wanda ya san abin da yake yi kuwa jimlar da ya tsinta a karatunsa zai kwafa gaba ɗaya, ya cire kalmar ya bar gurbi, a baya ya sa amsar da ɗan bayani na layi ɗaya, in ya sake haɗuwa da kalmar da wata ma'anar ya yi mata wani katin daban. Ta haka yake koyon kalmar tare da abokan tafiyarta, cewa ana faɗin heavy rain ba strong rain ba, make a mistake ba do a mistake ba, depend on, interested in, irin ƙananan abubuwan nan da su ne ke tona asirin mai koyo ko da ya san manyan kalmomi. Shi ya sa ban cika son tarin katunan da wasu suka haɗa aka zuba a intanet ba, dubu biyar a dunƙule, ka sauke a minti ɗaya ka ji kamar ka yi aiki.

Sai kuma abin da ba a faɗa wa sabon shiga. Kowane sabon kati bashi ne ka ci, kuma za ka yi ta biya na watanni. Anki tana zuwa a saite da sababbin kati 20 a rana, kuma su kansu masu manhajar sun rubuta a jagorarsu cewa in ka ɗore a haka ka sa ran maimaita wajen kati 200 kullum. Ka yi fashin kwana huɗu ka buɗe ka tarar da ɗaruruwa suna jiranka, daga nan yawancin mutane suke rufewa ba su ƙara buɗewa ba. Mayar da shi 5 zuwa 10 tun ranar farko. Kati 8 a rana ya kusa 3,000 a shekara, ai ba kaɗan ba ne.

Littafin nahawu shi ne wanda aka fi zagi a 'yan shekarun nan, har ya zama kamar abin kunya ka ce kana karanta dokokin jimla, kuma wallahi an zalunce shi. Wanda ya fi shahara shi ne English Grammar in Use na Raymond Murphy da Cambridge ta fara bugawa a 1985, mai shuɗin bango na masu matsakaicin mataki, akwai kuma ƙaninsa mai jan bango na masu farawa. Tsarinsa ne ya sa ya daɗe, shafin hagu bayani da misalai, shafin dama atisaye, in ka samu bugun da ke da amsoshi a baya ba ka buƙatar malami ya duba maka. Akwai abubuwan da za ka yi shekara kana gani a karatu ba ka lura da su ba amma shafi biyu su warware maka su a zama ɗaya, misali bambancin "I lived there for two years" da "I have lived there for two years", na farko ka bar wurin na biyu har yanzu kana can. Ko "I stopped smoking" da "I stopped to smoke", ɗaya ya daina ɗaya kuma ya tsaya ne don ya sha.

Inda littafin yake yaudara shi ne saman shafin ya riga ya gaya maka darasin da ake yi, to dole ka ci goma bisa goma mana, ka san duk gurbin da ka gani abu kaza ake so. Kashegari ka zo rubuta saƙo sai ga "he go" ta fito daga hannunka, kai da ka san dokar ƙara s ɗin nan tun shekaru. Ba daƙiƙanci ba ne, binciken da aka yi tun shekarun 1970 a kan tsarin da masu koyo ke bi ya nuna wannan s ɗin tana cikin abubuwan da ke zama a baki a makare duk da sauƙin dokarta. Sanin doka daban, ta fito da kanta lokacin da hankalinka ke kan abin da kake son faɗa daban. Don haka wanda ya ɗauki littafin daga darasi na 1 yana so ya sauke shi kamar labari yana ɓata lokacinsa ne, yawanci ma bai kai rabi zai gaji. Yadda ya fi amfani shi ne ka rubuta sakin layi biyu da kanka, wani wanda ya fi ka ya ja maka layi a kurakuran, ko ka ba ɗaya daga manhajojin AI ɗin nan ka ce ta nuna maka kuskuren kawai kada ta sake rubuta maka, sannan ka nemi darasin da ya shafi kuskuren da ya fi maimaituwa ka yi shi, bayan kwana uku ka sake rubutu ka ga ko ya dawo.

Na huɗun shi ne wanda ya fi kama da zaman banza amma shi ne nake ganin ya kamata ya cinye mafi yawan lokacin mai matsakaicin mataki, wato karatu da sauraro mai yawa na abin da ya yi daidai da kai. Stephen Krashen ne ya yi ta yayata wannan ra'ayin tun farkon shekarun 1980, cewa harshe yana shiga ne ta hanyar fahimtar saƙon da ya ɗan ɗara matakinka kaɗan. An soki wasu ɓangarorin maganarsa amma tushen ya samu shaida. A tsibirin Fiji, Warwick Elley da Francis Mangubhai sun zuba littattafan labarai na Turanci masu daɗi wajen 250 a azuzuwan wasu makarantun firamare na karkara, sakamakon da suka buga a 1983 ya nuna bayan wata takwas yaran sun ci gaba a fahimtar karatu da sauraro da saurin da ya ninka na yau da kullum, a shekara ta biyu kuma abin ya taɓa har nahawunsu da rubutunsu.

Sharaɗin dai shi ne daidai da kai ɗin nan, kuma a nan mutane ke kuskure saboda girman kai. Mutum ya ɗauko wani ƙaton littafi da aka rubuta wa 'yan asalin harshen, ya yi awa guda a shafi uku yana leƙa kamus, ya ce karatu ba ya aiki. Akwai littattafan da aka rubuta musamman bisa mataki, jerin Oxford Bookworms misali yana farawa daga kalmomi 250, ya hau 400, 700, 1,000, 1,400, 1,800 har 2,500, Penguin da Cambridge ma suna da irin nasu. Gwajin mai sauƙi ne, buɗe tsakiyar littafin ka karanta shafi ɗaya kana lanƙwasa yatsa duk kalmar da ba ka sani ba, in yatsun hannu ɗaya suka ƙare tun ba ka kai rabin shafin ba ajiye shi ka sauko mataki ɗaya, babu wanda zai ba ka lambar yabo don ka sha wahala. Ta ɓangaren kunne kuma Muryar Amurka ta fara shirin Turanci mai sauƙi a 1959, da kalmomi wajen 1,500 ana karantawa a hankali, BBC kuma tana da 6 Minute English wanda ke zuwa da rubutun hirar. Ka saurara sau ɗaya ba ka kallon rubutun, ka sake kana bi da ido, a nan za ka gane cewa rabin abin da ka kasa ji kalmomi ne da ka sani sarai, haɗe su aka yi a baki, "would have" ta koma wani abu kamar wudab.

Abin da karatu ke ba ka wanda sauran ukun ba su da shi shi ne sauri da jin cewa wannan jimlar ba ta zauna daidai ba tun kafin ka san dalilin. Kuma shi kaɗai ne atisayen fahimta na gaskiya, don fahimta ba a haddace ta. Raunin sa biyu ne. Na ɗaya, da zarar ka wuce kalmomin da aka fi amfani da su, sababbin suna zuwa jefi-jefi, ka ga kalma yau ba za ka sake ganinta ba sai bayan littafi biyu lokacin ka manta, a nan ne kati yake shigowa ya cike giɓin. Na biyu, fahimta ba ta gyara baki da kanta. Merrill Swain ta lura da haka a 1985 a kan yaran Kanada masu jin Turanci da aka yi shekaru ana koya musu darussa da Faransanci, fahimtarsu ta kusa ta 'yan asalin harshen amma in suka buɗe baki ko suka ɗauki biro kurakuran nahawu na nan daram. Wato mai cewa karatu kawai ya isa shi ma ya zarce.

Shi Nation ɗin da kansa ya ba da shawarar a raba lokacin koyo gida huɗu kusan daidai, karatu da sauraro don ma'ana, magana da rubutu don isar da saƙo, nazarin harshen kai tsaye, sai atisayen ƙara sauri da abin da ka riga ka sani. Lura fa, kati da littafin nahawu da yawancin abin da ke cikin manhaja duk a gida ɗaya suka taru, na ukun, rubu'in lokaci kenan. Mafi yawan masu koyo da kansu sun juya abin, yawancin lokacinsu yana can.

To in awa ɗaya gare ka kuma kana tsakiya, kana gane labarai amma da ƙyar, ni zan ce minti 30 zuwa 35 karatu ko sauraro, minti 10 na Anki da katunan da ka ciro daga karatun nan ba daga wani wuri ba, sauran ka rubuta wani abu ko ka yi magana da wani, littafin nahawu kuma sau biyu a mako ya isa. In minti ashirin ne kawai to karatu ya ɗauki sha biyar kati biyar, nahawu ya jira ƙarshen mako. Mai farawa daga tushe lissafinsa daban ne, shi ba shi da abin da zai karanta tukuna, gara ya ba manhaja da kati ƙarfi har ya tara 'yan ɗaruruwan kalmomin farko, amma da ya kai inda zai iya littafin mataki na farko ya shiga, kada ya ce sai ya gama manhajar don ba ta ƙarewa. Wanda kuma yake jin komai, yana kallon fim ba ya buƙatar rubutun ƙasan allo amma rubutunsa cike da kurakurai, shi ƙarin sauraro ba zai yi masa maganin komai ba, rubutu da gyara da littafin Murphy su ne nasa.

Mai shirin jarrabawa ne kaɗai zan ce ya karya wannan tsarin. Sashen karatu na jarrabawar Turanci ta IELTS misali tambaya 40 ne a minti 60, kuma akwai nau'in tambayar da za a ce ka zaɓa tsakanin gaskiya ne, ƙarya ne, ko ba a faɗa ba, wanda mutum zai iya fahimtar rubutun tsaf ya faɗi saboda ya sa abin da ya sani daga waje a cikin amsar. Wannan dabara ce ta daban, sai da tsofaffin takardun jarrabawa da agogo a gefe, kuma bayan ka duba amsa ka koma cikin rubutun ka nemo ainihin layin da ya sa amsar ta zama haka, in ba ka yi wannan ba maki kawai ka ƙirga. Katunanka kuma ka karkatar da su zuwa jerin kalmomin ilimi da Averil Coxhead ta fitar a 2000, iyalai 570 ne kawai amma suna ɗaukar kusan kashi 10 na rubutun jami'a, irin su analyse, assume, significant, derive. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya, wata biyu na atisayen jarrabawa yana gyara wa mai harshe dabara ne, in gwajin farko da ka yi ya nuna kana barin rubutun ƙarshe ba ka taɓa ba saboda lokaci ya ƙare, matsalar saurin karatu ce, gara ka ɗaga ranar jarrabawar ka koma kan littattafan matakin nan na wasu watanni.